Ƙishirwar Gidanmu

A gidanmu na Damagaram akwai wata rijiya da aka toshe tun ina yaro. An ce wani da ya yi rigima da kakanmu ne ya jefa abu a ciki. Duk wanda ya sha, ƙishirwa za ta jira shi har ya haura shekara arba'in, sannan ta zo. Ta zo wa mahaifinmu, ta zo wa gwaggo, ta zo wa yayyena biyu. Mutum ya yi ta shan ruwa yana ramewa, ƙaya ta soke shi gyambo ya ƙi warkewa, gani ya dusashe. Ni a nan Tamanrasset, kudancin Aljeriya, ta iske ni.

Na yi yawon duniya. A Marseille lokotoro ya ce mini sunanta ciwon suga, kuma tana bin jini. Ba kowa take kamawa ba, amma wanda uwa ko uba ke da ita gara ya riƙa yin gwaji. A Jidda na ji haka da Larabci, da kalmar da suke kiran gado da ita. Na ma fassara wa wasu wannan bayani a asibiti. Amma a raina na fi son rijiyar ta zama gaskiya, domin 'ya'yana ba su taɓa ganin ta ba.

Ɗiyata ta fari, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata, a nan aka haife ta. Atamfa take sayarwa a kasuwa. Bara na lura gorar ruwa ba ta barin hannunta ko da sanyi, zobenta kuma ya koma yatsan tsakiya saboda rama. Na ce ta je a gwada jininta. Ta yi dariya, ta ce Faransanci ya cika mini kai, ita ruwan famfon Aljeriya ta sha ta girma.

Ita ce ta tuna da wana. Mahaifinmu, yana saurayi yana fatauci, ya auri wata Buzuwa a duwatsun nan, suka rabu, ya bar ɗa. Ɗan bai taɓa taka Damagaram ba, ni ma ban taɓa ganin sa ba, sai labari cewa yana noman lambu a ƙauyen Hirafok. Ta ce mu je, in muka same shi garau in sakar mata mara. Na yarda, ina addu'a ta ci gardamar.

Muka shiga taksi da sassafe, muka isa rana tsaka. Baƙaƙen duwatsu, garin tsit, ba ko kukan akuya. Matar wana ta kai mu lambu.

Yana zaune ƙarƙashin wata bishiya, ya ba mu baya. Kafaɗun na mahaifinmu ne. Ƙafar hagu a miƙe bisa dutse, naɗe da tsumma, yadda na saba ganin ta a zauren gidanmu. Ya cusa kwanon ruwa ƙarƙashin amawalin rawaninsa, ya haɗiya sau uku, ya yi ɗan tari. Rabona da wannan tari shekara hamsin, kuma ni na zuba wa mai shi ƙasa.

Na yi sallama. Ya juyo, idanunsa sun yi fari. Da na faɗi ko ni wane ne, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe, ya daɗe. Da Hausarsa ta Buzaye ya ce, "Ƙanena, kai ma ƙishirwar tana tare da kai."

Na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin rijiya. Bai san ta ba. Ya ce dangin uwarsa cewa suke mutanen daji ne, waɗanda ba a gani, suke shan ruwa ta maƙogwaronsa. Shi ya sa ba ya ƙoshi.

Muna cikin haka ɗiyata, da ke tsaye bayana, ta buɗe gorarta ta sha. Ya ɗaga kai.

"Wa ke shan ruwa haka?"

"Ɗiyarka ce, Yaya."

"Shekarunta nawa?"

Na ce arba'in da biyu. Ya ce tasa babbar ɗiyar ma haka ta fara, ba ta je ko'ina ba, sai jiƙe-jiƙe. Ya nuna da haɓa wajen tudu, daidai inda wasu duwatsun kabari suke tsaye a jere, kamar yana ganin su.

Aka kawo shayi, ɗiyata ta riƙe kofin har ya huce. A hanyar komawa gorar na cinyarta a rufe, leɓunanta sun bushe. Sai da taksi ya ajiye mu a unguwarsu ta ce, "Baba, gwajin nan, an ce ba a karya kumallo?"

Na ce ruwa kaɗai ake sha.

"To, ka biyo mini gobe kafin in buɗe shago. Kada ka faɗa wa yara tukuna."