Farautar da Baba Bai Gani Ba

Fita daga Al Asmakh

Ba a kira assalatu ba muka fito ranar Alhamis, ni da Baba, muna jan kaya a lungun unguwarmu ta Al Asmakh a Doha, don motar Abu Salim ba ta iya shigowa har ƙofar gida. Watan Janairu ne, makonni kaɗan bayan an tashi daga gasar cin kofin duniya, tutocin ƙasashe suna nan rataye a tagogi duk sun koɗe.

Ni ma'aikacin jinya ne a Doha. Duk tsawon annobar korona ban taka gida ba, har Inna ta rasu ina nan, ta waya na ji an kai ta. Shi ya sa da aka buɗe wa baƙi ƙofa saboda gasar, na sayi tikitin wasa ɗaya don Baba ya samu izinin shigowa. Ƙwallo ba ta dame shi ba. Maharbi ne da ya daɗe a dazukan Ningi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ranar da na kai shi sashen masu shaho a kasuwar Souq Waqif, ya tsaya gaban wani tsuntsu har ƙafata ta gaji, sannan ya ce abu ɗaya yake so kafin ya koma, ya ga wannan yana aiki.

Abu Salim ɗan ƙasa ne, mai kiwon shaho. Na yi jinyarsa lokacin da cutar ta kwantar da shi, tun daga nan yake cewa in roƙe shi wani abu. Da na faɗa masa burin Baba, ko tunani bai yi ba ya ce mu shirya, kwana biyu za mu yi a hamada.

Yadda na zaɓi kayan kwanciya

Abin da ya fi cin raina kafin tafiyar shi ne sanyi. Baba yana da tari, ni kuwa na ga abin da ciwon ƙirji ke yi wa tsofaffi. Na fara da shagunan Asian Town, inda ake sayar da jakar barci, wato bargon nan mai zif da mutum ke shigewa ciki. Suna da araha, amma da na ɗaga ɗaya sama haske na ratsa ta, sai na ajiye.

A wani kantin kayan daji a titin Salwa na samu iri biyu. Akwai mai gashin agwagwa, ba nauyi, ga ɗumi, sai dai in ta sha raɓa ta zama tsumma. Akwai mai audugar roba, ta fi nauyi amma ba ruwanta da laima. Hamadar nan raɓa gare ta da asuba, don haka na ɗauki ta biyun. Na zaɓi mai tsukakkiyar ƙafa da hular da ake ja da igiya har sai hanci kawai ya rage a waje, irin wadda aka yi wa ƙasashen ƙanƙara. Shimfiɗa kuma biyu na saya, ta soso a ƙasa saboda ƙaya, ta hurawa a kanta, tunda ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Ni kaina na haƙura da bargon gida.

Da na shimfiɗa a falo, Baba ya zagaya ta yana dubawa ya ce, "Ɗanjuma, wannan ai likkafani ne da zif." Matata Hajara ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi buzu da gindin wuta sun ishe shi. Na ce masa nan ba Ningi ba ne.

Hanyar kudu

Mun yi sallar asuba a masallacin wani gidan mai, muka sha shayin madara da wainar ƙwai. Wajen ƙarfe bakwai muka sauka daga kwalta. A wani shinge jami'i ya duba takardar farautar Abu Salim, ya leƙa ya gaida Baba da "Hajji", ya ɗaga mana hannu. Gaba kaɗan aka rage iskar tayoyi saboda rairayi. Shahon Abu Salim yana kujerar baya kusa da Baba, kansa rufe da ƴar hular fata. Duk hanyar Baba bai kalli taga ba.

Sansani

Kafin azahar mun isa. Tantuna uku ne a bayan wani tudu, da ƴan'uwan Abu Salim biyu da mai dafa musu abinci. Ranar ba a farauta, ana barin shahon da yunwa sai gobe. Da la'asar sakaliya Abu Salim da Baba suka tsuguna kan wani sawu a rairayi. Sawun hubara ne, tsuntsu mai kama da tuji amma bai kai shi girma ba. Ba mai jin harshen wani, amma wannan ya nuna da yatsa, wancan ya gyaɗa kai, har na ga ba a bukatar tafintana na ja gefe. Rabon da in ga Baba yana tafiya da sauri haka tun ina yaro.

Bayan isha aka ci shinkafa da naman rago. Baba ya so ya kwana a bakin wuta tare da su, na hana. Na kai shi tanti, na hura shimfiɗa, na sa shi cikin jakar, na ja zif har wuya, na ɗaure igiyar hular. Ya ce in tashe shi da zarar an motsa. Na ce to.

Asubar Juma'a

Na farka haƙorana suna haɗuwa. Hazo ya rufe ko'ina, tantin ya jiƙe sharkaf kamar an yi ruwa. Na haska Baba. Yana barci mai nauyi, numfashinsa lafiya lau, ko tari ɗaya babu, abin da bai samu ba tun zuwansa. Na tsaya a kansa ina lissafi irin na asibiti. Na ce a raina yau in ya shaƙi wannan laimar sai gado, gobe kuwa Asabar akwai wata fitar, wataƙila gari ya fi sauƙi.

Abu Salim ya leƙo yana cewa yalla, wato mu tafi, ina Hajji. Na ce masa jikinsa ba daɗi, ya huta yau. Ya dube ni jim, ya juya.

Mun bi sawun jiya har rana ta fara cinye hazon. Can hubarar ta tashi daga cikin wasu ƴan ciyayi. Abu Salim ya zare hular shahon ya sake shi. Ni ina ta fama da waya don in ɗauko wa Baba hoto mai motsi, sai kawai na ji ihun murna. Kafin in ɗago kai an gama, shahon yana ƙasa a kan abin da ya kama.

Da muka dawo da hantsi, Baba yana zaune a ƙofar tanti. Ya sa takalmi, ya naɗa rawani, sandarsa a kan cinya. Mai abincin ya faɗa mini daga baya cewa tun tafiyarmu yake haka, ko shayi bai karɓa ba.

"Na ji tashin motoci," in ji Baba. "Kafin in lalubo bakin zif ɗin nan da igiyar, kun yi nisa."

Na fara bayanin hazo da tari da fitar gobe. Ya bari na gama tsaf.

"Ɗanjuma, ni ubanka ne, ba majinyacinka ba."

Ya tashi ya je ya yi wa Abu Salim barka, ya ɗaga hubarar yana jin nauyinta a hannu.

Asabar

Tun daren Juma'a iskar arewa ta taso. Da gari ya waye rairayi na dukan tanti kamar ana watsa tsakuwa. Baba ya riga kowa tashi, ya shirya. A daren ya ƙi shiga jakar, buɗe ta ya yi ya lulluɓa kamar bargo. Abu Salim ya fita ya dubi sama, ya dawo ya ce khalas, wato shi ke nan, ba mai sakin shaho a wannan iskar, in ya tafi ba zai dawo ba. Ya ce wa Baba mako mai zuwa in Allah ya so. Na fassara, duk da mu biyun mun san izinin zamansa zai ƙare kafin nan.

Komawa

A mota na miƙa masa wayar. Ba abin da ya fito sai sama da bayan kan wani mutum da ƙarar iska. Ya kalla har ƙarshe, ya mayar mini. Sai ya shiga yi mini tambayoyi. Shahon ta sama ya sauko mata ko ta baya ya bi ta? Hubarar ta yi ƙoƙarin komawa ƙasa? Da ƙafa ya fara bugunta ko da baki? Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya gyaɗa kai, ya juya ga tsuntsun da ke gefensa, ya sa bayan yatsa yana shafa ƙirjinsa a hankali har muka hau kwalta.

Mun iso Al Asmakh ana kiran magariba. Hajara ta tare mu a ƙofa da fara'a, ta karɓi sandar Baba tana tambayar yaya farauta.

"Alhamdu lillahi, an kama ɗaya," ya ce mata. "Mijinki ya ce tsuntsun ya yi ƙoƙari."

Ranar Laraba na raka shi filin jirgi. Ya sauka Kano lafiya, ya wuce Ningi, kuma ya ce gwiwarsa ba za ta sake ɗaukar zaman jirgi ba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba ko ƙwarzane. Abu Salim da mutanensa, Allah ya saka musu da alheri, sun yi iyakar nasu. Baba kuwa muna waya duk Juma'a, yana tambayar yara da aiki da lafiyar shahon, bai taɓa sake tayar da zancen asubar nan ba.