Yaya Sahabi da ƙafar da ke kuka

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sahabi, makaniki a shagon da ke sayar wa manoma babur mai ƙafa uku a nan Gaya. Har yau in na ji ɗaya ya wuce yana gunji daga baya, sai in tsaya in bi ƙafarsa da kallo. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ina kwalej lokacin, ni ke kai masa abincin rana. Ban taɓa tarar da shi ba ya faɗa ba. Faɗan kuwa ɗaya ne kullum: moyo, wato ƙarfen da ƙafa take juyawa a kansa. Mutanenmu na Tunuga sukan tura babur cikin kogi su ɗora buhunan shinkafa daga jirgi, su kuma wanke shi a nan. Ruwa ya cinye man rulma, wato ƙwallayen ƙarfen da ke cikin moyo, yashi ya shiga ya ci ƙarfe, ƙafa ta fara lilo. Maimakon a sake moyon, sai a yanko gwangwanin tumatir a cusa a matse.

"Baba, wannan miya za ka yi da shi ko tafiya?" Haka ya taɓa tambayar wani dattijo, yana zaro gwangwanin. Dattijon ya ce, "Ɗana, matse mini kawai, Allah ke tsarewa." Yaya ya ce, "Shi ya tsare ka har ka iso nan. Kada ka ƙure."

Patoronsa ma, wato mai shagon, bai bar shi ya huta ba. Babura sababbi fal shago, kayan gyara babu. In an kawo wanda bai rufa shekara ba, sai a ce wa Yaya ya shafa mai ya sallami mutum. Ƙafa ta fita a hanya, shi ake zagi, ba mai shago ba.

Ranar da abin ya faru, bikin suna za mu a Tanda. Motar kasuwa ta cika, muka hau wani mai ƙafa uku da ya ɗauko rake. Yaya ya kama ƙafar baya ya girgiza, ya ɓata rai. Direban ya ce, "Haba maigida, Tanda ce fa, ga ta nan." Ni kuma ina ta ƙorafin rana. Muka hau. Bayan mun bar gari ƙafar ta wuce mu tana gudu ita kaɗai. Na ga wannan da idona. Ni na faɗa cikin yashi, Yaya kuwa raken ya danne shi, nan ya cika.

An ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda. Amma tsautsayi ne ya yanka gwangwani?

Da Yaya zai leƙo Gaya yau, da takaici ya ishe shi. Baburan sun ninka. Mata da awaki da buhuna duk a kai. Shagon ya yi sabon fenti, moyo dai har yanzu sai an aika Kamba a jira. A bakin kogi kuwa ga su nan jere cikin ruwa har ciki, ana wanke su kamar shanu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mijina Hamani ya sayi nasa bara. Makon jiya da safe na kama ƙafar baya na girgiza yadda Yaya ke yi. Ta amsa, ƙwas-ƙwas. Na ce ba inda za shi. Ya ce shinkafar mutane na jiransa a Tunuga, in ya dawo ya gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle bayan an dawo. Yana wanka na ɗauko kilen da Yaya ya bari, wato sifanarsa, na kwance notunan ƙafar na zuba a tukunyar da na fi ɓoyewa.

"Ke Rabi, aure na yi ko jandarma na kawo gida?" in ji shi. Maƙwabta suka yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Yaya bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Kile ya bari, da kunnen da ya koya mini. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan. Babur na nan a tsakar gida bisa duwatsu, muna jiran moyo daga Kamba. Hamani ba ya yi mini magana. Amma da magariba yana shigowa da ƙafafunsa ya ci tuwo.