Bencinan da Ba Su Kwana Ba

A lokacin ina hedimasta a wata firamare kusa da Tiga, inda 'ya'yan masunta ke zama a ƙasa, kan tsofaffin buhunan taki. Wata Talata da hantsi sai ga babbar mota cike da sababbin bencina, fentinsu ma bai gama bushewa ba. Ɗan kwangilar da ya kawo su ya sa aka jera su a azuzuwa, aka zaunar da ɗalibai, aka ɗauki hoto. Sannan ya miƙo mini takarda.

"Malam, sa hannu, kaya sun iso."

Na sa. Kafin la'asar motar ta dawo, leburori suka hau kwashewa. Na tari ɗan kwangilar.

"Alhaji, ina kuma za a kai su?"

"Ƙafafun ne ke da ɗan gyara. Sati guda."

Sati ya zama watanni. Zama ya gagare ni. In je ofishinmu na ilimi a ce oga ya fita, in dawo in tsaya a bakin aji in kasa shiga. Wani abokina da ke koyarwa wajen Kiru ya nuna mini hoto a wayarsa. Bencinan nan ne a makarantarsu, can ma yini ɗaya suka yi. Daga ranar abinci ya daina min daɗi.

Da damina ta faɗi aka turo wata jami'a mai bin diddigin ayyukan gwamnati. Ta buɗe fayil, ta dubi hoton, ta dubi ɗaliban a ƙasa.

"Malam, wannan sa hannunka ne?"

Wani babba daga ofishinmu yana tsaye a bayanta, ya kafe ni da ido.

"Nawa ne, Hajiya. Amma bencinan ba su kwana a nan ba."

Ta ce in rubuta duk abin da na sani. Na rubuta, har da makarantar abokina, ban kuwa shawarce shi ba.

Bayan wata biyu aka mayar da ni wani ƙauye a bakin dajin Falgore. An ce daga baya an kai wa makarantar da na baro bencina, ban je na gani ba. Bara na haɗu da ɗan kwangilar a Kwanar Dangora yana sayen tsire, ya gaishe ni da fara'a, har da tambayar iyali. Abokin nawa kuwa, shi ma an ɗauke shi daga Kiru. Har yau ina kiransa, ba ya ɗauka.