Mamani Mahauci da Tsokar Bayan Cinya

Mamani mahauci ne a kasuwar Dakoro, kuma Allah ya zuba masa son sani. In aka kawo masa akuya mai ɗingishi, ba ya samun sukuni sai ya feɗe ta ya ga dalili. To sai ga 'yarsa Haula, mai buga ƙwallon kwando a kwalej, ta dawo gida tana jan ƙafa, saura wata guda a zaɓi 'yan matan da za su je gasa a Maradi.

"Tsokar bayan cinya ce, Baba," in ji ta. "Malamarmu, Madam Rahamatu, ta ce in ba ta saki ba, ba ni zuwa."

Tsokar nan ya san ta kamar yunwar cikinsa, amma a jikin dabba. Bai taɓa jin ana miƙa ta don ta saki ba, yadda Haula ta ce ana sa su yi. Bayan mako guda abin ya ishe shi, ya bar tukuba da la'asar, ya je ya kafa haɓa a katangar filin ƙwallon kwalej.

Madam ta sa 'yan matan sassarfa har jiki ya yi ɗumi. Wannan ya yi masa daidai, don ya san nama mai ɗumi ya fi laushi. Sannan kowacce ta kwanta rigingine a tabarma, ta saƙala gyale a tafin ƙafa, ta ɗaga ƙafar a miƙe tana ja sannu sannu, ba fizga, har a ƙirga talatin. Haula kuwa ta ɗan ɗaga ta sauke, ta tashi tana gyaran kallabi.

Kwana huɗu yana zuwa, kullum haka. Ya fara zargin lalaci, ya tari malamar.

"Madam, ƙafar ce ta ƙi, ko yarinyar?"

"Malam Mamani, kafin ku fara zuwa har sittin take kaiwa. Wace ɗiya ce za ta ɗaga ƙafa sama ubanta na kallo? Kwana huɗu kuka ci mata."

Kunya ta rufe shi, tausayin yarinyar ya kama shi. Ya zura hannu a aljihu ya koma kasuwa, bai sake taka wajen ba.

Ran da motar Maradi ta tashi, Haula na ciki. Yau shekara uku ke nan tana bugawa, kuma Mamani bai taɓa ganin ta jefa ƙwallo a kwando ba. A bakin masu sayen tsire yake jin labari, yana tsare su da tambaya har naman ya huce.