Kitson da Amarya Ta Ƙi Yi

Faɗan da Amarya mai kitso ta yi da Manu tela, har yau in aka tuna shi a unguwarmu sai an dara, ita kaɗai ce ba ta darawa. Wata safiya Sharifa, matar Manu, ta leƙo gidanta aron rariya, kunci ɗaya ya kumbura suntum, ido ya kusa rufewa. Amarya ba ta tambaye ta komai ba. Ta yafa mayafi a karkace, ta nufi shagon Manu da ke bakin kasuwar Gumel, ni kuma ina biye da ita ina haki.

Manu kuwa, in ba ku san shi ba, mutum ne da iska in ta taso da ƙarfi sai ta kai shi Maigatari kyauta. Sharifa ta yi biyunsa har da ragowa.

"Kai Manu! Da hannun da ka daki 'yar mutane kake taɓa atamfar jama'a?"

Manu ya ɗago, allura a baki. "Inna, wace 'yar mutane?"

"Au, suna da yawa ke nan? Matarka, marar kunya!"

Kafin ka ce me, masu nama da masu tumatir sun cika ƙofar shagon. Amarya ta zage, ta taɓo uban Manu, ta taɓo kakansa da ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Ana cikin haka sai ga Sharifa, hannu a kunci.

"Inna, haƙori ne fa! Shi ya kai ni a cire, na ga abin cirewar na gudo." Ta dubi mijinta sama da ƙasa. "Wannan ne zai dake ni? Ko ƙofar ɗaki ce ta cije, ni yake kira."

Manu ya zare allurar daga bakinsa a hankali. "Inna, in kin gama, ɗan matsa. Tun ɗazu a kan rigar liman kike tsaye."

Wata guda Amarya ba ta bi ta bakin kasuwa ba. Daga ranar ta koyi tambaya kafin ta yafa mayafi. Iyakar abin da ta koya ke nan, bakin yana nan yadda yake.

A Sule Tankarkar aka haife ta. An kawo ta Gumel gidan Ɗantsoho, direban babbar mota mai zuwa Damagaram, shekara arba'in da wani abu ke nan, sunan Amarya kuma ya manne mata. Ta haifi bakwai, ta binne mijin, haƙoranta na gaba sun yi ritaya, har yanzu Amarya. Ɗantsoho, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ni dai na ce tsoro ne, ita ta ce tarbiyya ce.

Kitso ne ya jefa ta cikin sha'anin matan da ake duka. Mace za ta rufe hannu da hijabi, ta shafe fuska da hoda, amma in ta ɗora kai a cinyar mai kitso, yatsu sai sun ji abin da ke wurin. Ƙulu a ƙeya. Wurin da aka tuge gashi. Tabo a bayan kunne. In Amarya ta tambaya, amsar ɗaya ce: ƙofa ce ta buge ni.

"Ƙofofin garin nan sun fi jandarman Damagaram mugunta," in ji ta. "Kuma dubi ikon Allah, mata kaɗai suke bugu."

Sai dai kada ku ɗauka tun farko jaruma ce. Shekara talatin tana rufa asirin ƙofofin nan. A wajenmu, in mace ta yi yaji aka zo biko, ba a mayar da ita da kai a tsefe. Sai an yi mata kitso da lalle, ta koma fes kamar ba abin da ya faru. Amarya kuwa ta ƙware. Ta san yadda za ta karkata tsaga, ta kwantar da gashi ya bi ta kan rauni, ko uwar da ta haife ki ba za ta gane ba. Har daga ƙauyuka ake aiko mata saboda wannan.

Akwai wata baiwar Allah a Gagarawa Tasha da ta yi wa irin wannan kitson sau uku. Karo na huɗu da aka aiko, wankan gawa aka kira ta ta taya. Da hannunta ta tsefe kitson da ta yi sati biyu da suka wuce. Ta dawo gida ta yi kwana uku ba ta zagi kowa ba, har na tsorata.

Bayan nan ne wata ƙungiya ta zo Gumel ta tara mata, aka yi kwana uku ana bita a kan cin zarafin mata a gidajen aure. Amarya ta je, ta zauna a gaba, ta hana mai bayani sakat da tambaya. Aka sallame su da hijabi mai rubutu a baya da wata takarda mai lambar waya, aka ce duk macen da aka daka ta kira. Ranar da Amarya ta fara gwada lambar, da mace a zaune a gabanta leɓe a fashe, wayar a kashe take. Ta gwada washegari, a kashe. Har yau in ranta ya ɓaci takan kira, don ta sami wanda za ta zaga, kuma ko wannan ba ta samu.

"Sun buga takarda da Turanci sun liƙa a bangon ofis," ta ce da ni. "Ke Rabi'atu, wace mata ce za ta taso daga ƙauye da kai a fashe ta zo ofis karatun Turanci?"

Sai ta shirya nata. Ta nemo Nana Firdausi, wata ma'aikaciyar jinya da ba ta jin tsoron rubuta abin da ta gani, don ita takardar asibiti ce ke magana a gaban alƙali. Ta samo wata lauya a Dutse mai taimakon mata, wadda ke ɗaga waya in an nace. Ta samo malami ɗaya da ke iya duban miji ido da ido ya ce masa abin da ya yi haramun ne. Ta kwashe geronta daga ɗakin baya, ta shimfiɗa tabarma da gidan sauro. Ƙa'idarta biyu: sai ta tambayi mace abin da take so, kuma ba ta kai zancen kowa ko'ina sai mai shi ta yarda. Wannan ta biyun ni ta fi cuta, don har ni ba ta gaya wa.

To amma yawancinsu komawa suke. Mace ta kwana biyu a ɗakin gero, a aiko da goro da turmin atamfa, uwa ta yi kuka, uba ya yi fushi, a ce 'ya'ya fa, shi ke nan. Amarya ta raka ta ƙofa, ta ce ɗakin yana nan, sannan ta dawo ta sauke a kaina. Tuwona ya yi ruwa, ɗankwalina ya karkace, akuyata ba ta da tarbiyya. Na sha zagin maza da yawa a madadinsu.

Bara, bayan an gama girbi, aka aiko kiranta gidan Malam Mati da ke bayan layinmu. Shi ne baffan wata yarinya Zubaida, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya aurar da ita ga Barau, mai gyaran babur a Maigatari. 'Ya'yanta biyu. Yajinta na uku ke nan, kuma dangin miji sun zo biko. Na bi Amarya, don ni ba a barina a baya.

Mun tarar da maza a zaure sun idar da azahar, ga goro a faranti, ga atamfa da sabulu a leda. Babur biyu na jira a ƙofar gida, da la'asar za a tafi da ita. Barau bai zo ba, wai kunya. A tsakar gida Gwaggo Hannatu, ƙanwar uban Barau, ta baje a tabarma tana shan kunu. Matar Malam Mati ta ja Amarya gefe.

"Ki yi mata mai kwanciya ta nan gefen hagu, irin naki. Kin gane ai."

Amarya ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta fito da kibiya da mataji. Zubaida ta zo ta durƙusa, ta ɗora kai a cinyarta. Da aka kwance ɗankwalin, warin ne ya fara isowa. Rauni ne a bayan kunne, ya kai tsawon yatsa, an cusa masa garin magani an danne da tsumma, gashin ya manne da shi.

Amarya ta sunkuya. "'Yar nan, ƙofa ce?"

"Sifanar gyaran babur ce, Inna."

"Kina son komawa?"

"Baffa ya riga ya amsa musu."

"Ba Baffa na tambaya ba."

Zubaida ta ƙara kifa fuska a cinyar Amarya. Sannan ta ce, murya can ƙasa, "Ba na so. Ya ce in ya ƙara kama ni ba zan tashi ba."

"Kin yarda in faɗa?"

Ta ɗaga kai a cinyar, alamar ta yarda.

Amarya ta ɗaga murya. "Gwaggo Hannatu, ajiye kunun nan ki zo ki ga aikin ɗanku."

Gwaggo ta matso, ta leƙa, ta kau da kai da sauri. "Barau zuciya gare shi tun yana ƙarami. Amma ya rantse ba zai ƙara ba."

"Karo na ɗaya da na biyu fa, waƙa ya yi muku?"

Abin da ya fi ci mini rai, mazan da ke zaure suna yanke hukunci ba wanda ya ga raunin, ba kuma wanda zai gani, don ba a buɗe kan matar aure a gaban maza. Ɗan saɓani aka ce musu, su ma ɗan saɓani suke ta maimaitawa suna tauna goro. Amarya ta naɗe kayan kitsonta, ta rufa wa Zubaida mayafi a hankali, ta je ta tsaya a bakin zaure ta yi sallama.

"Malam Mati, ba zan yi kitson nan ba. Kan yarinyar nan a fashe yake, ya fara ruɓa. Asibiti za ta, ba Maigatari ba. Kuma da bakinta ta ce ba ta son komawa."

Malam Mati ya gyara zama. "Amarya, kitso aka kira ki, ba shari'a ba."

"Ai shi na zo yi. Ban sami inda zan sa kibiya ba."

"Ta yi haƙuri. Wace mace ce ba ta haƙuri? Mutanen nan sun taso tun daga Maigatari, sun ba ni girmana, na amsa. So kike in zama ƙaramin mutum a gabansu?"

"In aka dawo maka da ita a makara, wane irin mutum za ka zama?"

"Kul! Kada ki yi mana mugun baki. Ke ce ke lalata auren mutane a unguwar nan, kowa ya sani."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce a bar tsohuwa, a nemo wata mai kitson, ko kuma a ɗaura mata ɗankwali a tafi haka. Malam Mati ya ce haka za a yi.

Bari in faɗi abin da ya biyo baya tun yanzu, don kada ku zata an yi guɗa. Da la'asar ɗin nan Nana Firdausi ta wanke raunin, ta rubuta takarda. Zubaida na ɗakin gero da 'ya'yanta, maganar tana gaban alƙali, an ɗaga zama ya fi sau uku. Barau na nan yana gyaran babur, mutane na gaishe shi. Rabin matan unguwa mazansu sun hana su kawo kai wurin Amarya, har ta fara yi mini tayin kitso, ni da gashina bai cika tafin hannu ba. Amma dai baburan nan biyu haka suka koma Maigatari ba Zubaida, da atamfarsu da sabulunsu. Ga kuma abin da ya sa.

Malam Mati ya miƙe, ya kaɗe riga, ya ce magana ta ƙare, 'yarsa ce, shi ya san abin da ya dace da ita. Amarya ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Ta sassauta murya, abin da ban saba ji daga gare ta ba.

"Malam Mati, da damina Nura maƙwabcinka ya ari sanka na huɗa, ya dawo maka da shi da shatin bulala biyu a gadon baya. Har gaban mai unguwa ka kai shi. Ya zo da dattawa, ya ba ka haƙuri, ya rantse ba zai ƙara ba, ka ce ko igiyar san ba zai sake taɓawa ba. To ita 'yar ɗan'uwanka, sai ta fito da ƙaho tukuna?"