Takwarar da Na Hana Kakata

A gidanmu na unguwar Bulabulin, in lokacin sanyi ya shigo, ba a kashe wutar murhu bayan an sauke tuwo. Kaka ce ta hana. Takan jawo 'yar tabarmarta kusa da duwatsun murhun, ta miƙe ƙafafu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu kuwa mu kewaye ta tun ba a kira isha ba. Mu biyar ne ko shida, har da 'ya'yan maƙwabciyarmu Ya Fanna, waɗanda Hausarsu ke fita da harshen Barebari, Kaka tana kwaikwayonsu suna dariya.

Uwar mahaifina ce. Ta biyo shi daga Kano lokacin da ya kawo sana'arsa ta dukanci Yerwa, wato Maiduguri, ta kuma shekara fiye da ashirin a garin ba ta iya komai da Kanuri ba sai gaisuwar "wushe", ita ma a karkace. Ni takan kira ni mijinta, kamar yadda kakanni ke yi. "Ga mijina nan, sarkin ci, ba cefane," in ji ta duk lokacin da na miƙa hannu cikin toka. Ni kuma in ce na sake ta, tsohuwa ba haƙori. Sunanta Rakiya, amma ban taɓa jin wani babba ya faɗe shi a gidan ba. Baba ba ya faɗa don uwarsa ce, Inna ba ta faɗa don surukarta ce.

Sau biyu Baba ya mayar da sunan nan. 'Yar farko ta rasu kafin in yi wayo, labarinta kawai na ji. Ta biyun na san ta, na goya ta ma. Ƙyanda ta ɗauke ta tana gab da yaye, ina da shekara takwas ko tara. Bayan wannan sai magana ta fara yawo a unguwa. Na ji Ya Fanna da kunnena tana gaya wa Inna a bakin rijiya cewa sunan tsohuwar nan nauyi gare shi, yara ba sa iya ɗauka, a bar shi haka nan. Inna ta ci gaba da jan guga.

Ga laifina na farko, zan kuma faɗe shi yadda ya faru. Wata rana da yamma Kaka ta raba gyaɗa, na ga kamar ta fi cika wa ɗan Ya Fanna hannu. Haushi ya kama ni. Na ce, "Ai dama an ce sunanki ne ya cinye ƙannena biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Inna tana wanke kwanuka a gefe, na ji ta tsaya. Na jira mari, bai zo ba. Kaka ta ɗauki ɗan itace ta yi ta tona toka, ta daɗe tana tonawa ko da yake babu sauran gyaɗa a ciki. Can sai ta ce, "To, ga wata nan tafe daga nesa. Wa zai tare ta?"

Haka take buɗe tatsuniya. Yara suka ce, "Mu ne!"

Ta ce wai an yi wata mata a wani ƙauye na bakin tafki, ta haifi 'ya mace bayan dogon jira. Ta so ta sa mata sunan uwarta da ta rasu. Mutane suka ce a'a, uwarki ba ta yi tsawon rai ba, nemi wani. Ta kawo wani, wata tsohuwa ta ce ƙanwarta ma sunanta ke nan, ga kabarinta can. Ta kawo na uku, masunci ya ce sunan matarsa ne da ruwa ya ci. Sai matar ta rantse ba za ta raɗa wa 'yarta suna ba sai ta samo wanda mutuwa ba ta taɓa kira ba. Ta goya jaririya ta kama hanya. Ta shiga garin Barebari, ta shiga rugar Shuwa, ta bi fatake har inda ba a jin harshenta. Duk sunan da ta tambaya, sai wani ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ji ƙan wance."

"Yarinya ta yi zama," in ji Kaka, "ba suna. Ta yi rarrafe, ba suna. Ta fara tafiya, uwar sai dai ta ce ke, ke."

Wata rana suka dawo bakin tafki, uwar ta tsuguna tana wanki, yarinya ta shige cikin ciyawar nan mai tsawo da ta fi raƙumi. Da ta waiga ba ta gan ta ba. Ta miƙe za ta yi kira, ta buɗe baki, babu abin kira. Ta ce ke, tsuntsaye suka tashi. Ta sake cewa ke, kwaɗi suka amsa. Rana tana faɗuwa, kuraye sun fara kuka. Da abin ya kai mata maƙura sai ta manta da kunya, ta ɗora hannu a ka ta ƙwala wa uwarta kira, da sunanta na yanka, sunan da ba ta taɓa furtawa ba tun da aka haife ta. Sai ga ciyawa tana motsi. Sai ga wata 'yar murya ta ce, "Na'am."

"Nan ta sauka, nan ta kwana," in ji Kaka, ta kakkaɓe hannu.

Ɗiyar Ya Fanna ta tambaya wane suna ne. Kaka ta ce sunan uwarta mana. Ni kuma, don in nuna ban yi fushi ba, na ce, "To uwar matar ta ji an kira ta?"

"Tana cikin kabari, ina za ta ji?"

Kunya ta hana ni ba ta haƙuri. Abin da na iya kawai shi ne na matsa jikinta na ce in na girma na haifi mace, sunanta zan sa. Ta ture ni da gwiwar hannu. "Ji min miji. Fara samun gemu tukuna." Na ɗauka ta mayar da maganar wasa.

Karatuna bai yi nisa ba. Na bar elemantare a aji huɗu, na koyi ɗinki, na samu wurin ajiye keke a Kasuwar Litinin. Baba ya rasu, gidan ya dawo hannuna. Bayan jirgin ƙasa ya fara zuwa Maiduguri na auri Bintu, 'yar unguwar Shehuri, kafin shekara ta zagayo kuma ta haifi mace. Lokacin Kaka idonta ya kusa tafiya, kunnen ma sai an ɗaga murya.

Kwana uku da haihuwa ta aika a kira ni ɗakinta. Ta laluba ƙarƙashin adakarta ta fito da wani tsohon zanen saƙi da ta zo da shi daga Kano, wanda ba ta ɗaurawa sai da salla. Ta ce, "Miji, gemu ya fito ko? Yanka min wannan ka kalmashe bakin, majanyin takwarata ne." Na ce to. Na ce mata da bakina sunanta za a raɗa. Na kai zanen kasuwa na yanka, na yi masa ɗinki biyu don ya yi ƙarko.

Ana gobe suna Inna ta same ni a zaure. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa, da wataƙila na iya tsayawa. Ta ce, "Sule, biyu na wanke da hannuna aka fita da su. Kada ka sa yarinyar mutane ta ga abin da na gani." Ya Fanna ma ta aiko da irin wannan magana. Abokan ɗinkina suka ce sunaye sun ƙare ne a duniya? Na shiga wurin Bintu na gaya mata, ina fatan ita ma ta ji tsoro in samu abin fakewa. Ta ce, "Allah ke rayawa, ba suna ba. Ka riga ka yi wa tsohuwa alkawari." Yarinya ce 'yar shekara sha bakwai, ta fi ni zuciya.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka raba goro, rago yana ɗaure a jikin darbejiya. Liman ya karkato da kunnensa ya ce, "Wane suna?" Na raɗa masa, "Zainabu." Laifina na biyu ke nan.

Aka yi addu'a, maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya don matan cikin gida su ji. Guɗa ta tashi. Bintu ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Ta ce Kaka tana zaune bakin ƙofar ɗaki da majanyin a cinya, ta ji guɗa amma ba ta ji sunan ba, sai ta yi ta murmushi tana cewa, "Me suka ce? Ku gaya min, me suka ce?" Matan suka yi ta kallon juna. Sai da Bintu ta sunkuya ta faɗa mata a kunne. Kaka ta ce, "Zainabu. Suna mai kyau. Allah ya raya." Ta miƙa majanyin ta ce a goya ta da shi, saƙin Kano ne, ba ya cin bayan yaro.

Laifina na uku ya fi na biyun muni. Na daina shiga ɗakinta. In zan fita sai in yi gaisuwa daga tsakar gida in wuce da sauri, wai kasuwa na jirana. Wata rana ta ji takuna ta ce, "Miji, sakin ne ya tabbata, ba ko takarda?" Na yi dariya na ce aiki ne ya yi yawa. Ta ba ni ƙofa a buɗe in shiga in ce ta yafe min, na ƙi shiga. Da damina ta kwanta, kwana huɗu ta cika. Ina kasuwa aka zo aka gaya min.

Zainabu ta rayu, ta yi ƙiba, ta wuce yaye lafiya. Inna takan dube ta ta ce min, "Ka gani?" Saboda haka da Bintu ta sake haihuwar mace, ba wanda ya ma yi zaton zan tayar da tsohuwar magana. Ban yi shawara da kowa ba sai Bintu. Ranar suna liman ya karkato da kunne, ni kuwa ban raɗa ba. Na faɗa da ƙarfi yadda na ƙarshen tabarma zai ji: "Rakiya." Maroƙi ya dube ni, ya maimaita. Daga cikin gida ba guɗa ko ɗaya. Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ta kuma yi kwana arba'in ba ta ɗauki jaririyar ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma duk lokacin da yarinyar ta yi tari sai in tashi in taɓa goshinta. Ƙyanda ta kama ta tana shekara biyu. Inna ce ta yi jinyarta, ta goya ta da majanyin saƙin nan har ta warke.

Yanzu Rakiya tana aure a unguwar Limanti, da jikokinta. Inna ba ta iya faɗin sunan ba, sai ta bi bakin maƙwabta ta ce Yagana, wato ƙaramar uwa, kowa kuma ya bi. Ni kaɗai nake kiranta da sunan yanka, har mutane suna cewa ba ni da kara.

Na daɗe ina ɗauka Kaka ta yi tatsuniyar nan ne don ta nuna mana mutuwa ba ruwanta da suna. Haka ne, amma wannan ko liman zai gaya maka. Sai da na tsufa, na ga yadda masu kiran sunana kai tsaye suke raguwa ɗaya bayan ɗaya, sannan na gane abin da tsohuwar take roƙo a bakin murhu, a gaban yara, da yake ba ta da wanda za ta roƙa a fili. So take ta ji sunanta yana gudu a tsakar gida tun tana da kunnen ji. Ina da iko in ba ta wannan da kalma ɗaya, da safe, a kunnen liman.

Jiya Rakiya ta zo gaishe ni. Tana fita na kira ta, ba don ina da abin faɗa ba. Ta juyo daga zaure ta ce, "Na'am, Baba." Na ce ba komai, ta gaida gida. Na taɓa tambayar Kaka ko uwar matar nan ta cikin tatsuniya ta ji an kira ta. Ta ba ni amsa tun ina ɗan shekara tara.