Abin da ya hana Lawali tsayawa gaisuwa

Sanarwa ga ɗaukacin jama'ar unguwar Zariya da kewaye: jiya da la'asar, ƙafar Lawali ta taɓa ƙasa.

Lawali abokina ne tun ƙuruciya, mai noman tattasai a Jiratawa, kuma Allah bai ba shi tsawo ba. Kullum da yamma yakan tsayar da moto, wato babur ɗinsa, a fadarmu inda muke zaman hira, a gaisa har a tambayi lafiyar awaki.

Sai ya daina. In ya zo wucewa sai dai ya ɗaga hannu, riga na kaɗawa, ya narke cikin jan hasken yamma kamar mutumin da ka gani a mafarki. Na ce tattasai ya yi albarka, girman kai ya shiga. Har na daina ɗaga masa nawa hannun.

Jiya na iske shi wurin bakanike, an kwance amortisar baya, ƙarfen nan mai sifirin da ke ɗauke da mazaunin babur, ana rage mata tsawo.

Na ce, "Alhaji, yau an tuna da talakawa?"

Ya ce, "Allah ya shirye ka, Malam. Tun da tsohuwar ta lalace aka sa mini wannan doguwar, ƙafata ba ta kaiwa ƙasa. In na tsaya, gabanku zan kife. Ko a gida sai na raɓi dakali nake sauka."

Da aka ɗaura, ya hau, ya sauke ƙafa a hankali, ya lumshe ido, ya daɗe a haka.

Ni ne ban kyauta ba, Lawali. Ku fa, wa kuka taɓa yi wa irin wannan zato?